Iya Laraba da Murhun Buntu

A injin casar shinkafa na Alhaji Sharhabilu da ke Sabon Gari, babu wanda ya kai Iya Laraba daɗewa in ban da shi mai injin. Shekararta goma sha tara tana gumi a wurin. Ita ce shugabar mata takwas da ke jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta kwana a ruwa, su tsame ta, su turara ta a manyan duromomi, su shanya, kafin a kai wa inji ya cashe. Ba ta yi boko ba, amma a kan wuta da tururi babu mai ja da ita.

Shekarar da aka rufe kan iyaka, shinkafar gida ta yi kasuwa, aiki ya ninka. Duromomi shida suka koma goma sha biyu. Itacen da Ya'u, wani mutumin Ɗankaza, yake kawowa a amalanke sau biyu a mako ya koma kullum, kuma kullum sai ƙara sirancewa yake, don manyan bishiyoyin kusa sun ƙare. A bayan injin kuwa buntu, ɓawon da inji ke fitarwa, ya taru ya yi tsibi har ya fi katanga tsawo. In ya ishi Alhaji sai ya sa a cinna masa wuta. Wutar buntu ba ta tashi da harshe, ta ciki take ci, sai ta kwana huɗu tana hayaƙi. Matan unguwa su kwashe shanya, masu ciwon ƙirji su yi ta tari. Mai unguwa ya zo sau biyu a kan maganar.

Wata ranar Talata Saifuddeen, ɗan Alhaji mai kula da ofis, ya kira ta. Takarda ce ta zo daga jami'ar da ke garin. Za a yi bita ta kwana biyar a kan yadda ma'aikatan ƙananan masana'antu za su yi aikinsu ba tare da sun ɓata muhalli ba, kuma ana son mutum ɗaya daga injinsu.

"Iya, ke za ki je," in ji shi.

"Ni? Ina ni ina jami'a? Kai da ka yi karatun, me ya hana ka?"

"Wallahi na so zuwa. Amma sun rubuta ƙarara, wanda ke tsaye a bakin aikin suke so, ba na ofis ba. Kuma da Hausa za a yi."

"To wa zai duba mini wuta?"

"Ai Indo tana nan."

Indo ita ce mataimakiyarta, sa'arta ce, kuma ita ke biye mata a daɗewa. Da ta ji labari sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya sa Laraba ta dawo da digiri.

Ranar Litinin Iya Laraba ta sa atamfarta ta zuwa biki ta hau kurkura, babur mai ƙafa uku. A zauren bitar ta tarar da mutum kusan talatin: marina, mahauta daga kwata, masu buga bulo, masu gidan burodi. Mai koyarwar, Malama Safiyya, ba za ta girmi 'yarta ta fari ba. Ba ta fara da karatu ba. Cewa ta yi kowa ya tashi ya faɗi abin da ke shiga wurin aikinsa da abin da ke fita.

Da aka zo kan Iya Laraba ta miƙe ta ce, "Shanshera tana shiga, da ruwa, da itace. Shinkafa tana fita, da hayaƙi, da ruwan jiƙo, da buntu."

"Itacen daga ina, Iya?"

"Daga daji ake kawo mana. Yanzu ma har an fara zuwa nesa."

"Buntun fa, yaya kuke da shi?"

"Ƙonawa muke."

"Wato ana saro muku abin ƙonawa daga nesa, ku kuma kuna ƙona wani a banza a bayan katanga."

Aka yi dariya. Iya Laraba ta ji abin har ranta, ba ta kuma zauna ba.

"Malama, buntu ba ya ci a murhu. Mun gwada tun kafin a haife ki. Kashe wuta yake."

"Gaskiyarki, Iya," in ji Malama Safiyya, ba tare da ta ji haushi ba. "A murhun duwatsu uku ba ya ci. Ki ba ni zuwa gobe."

Washegari aka fita da su bayan zauren. An ajiye wani murhu na ƙarfe mai kama da babban mazurari, da bututu mai huji-huji a tsakiyarsa. Malama ta zuba buntu a gefen mazurarin, ta kunna 'yar takarda ta jefa cikin bututun. Kafin a ƙirga hamsin wuta ta tashi, mai tsabta, ba hayaƙin kirki. Sauran mutane suka duba suka wuce wajen wani abin. Iya Laraba ta tsuguna a wurin har aka kira sallar Azahar, tana kallon yadda buntun ke gangarawa da kansa yana shiga wuta.

A sauran kwanakin ta ji abubuwa da yawa. Ta ji cewa in aka sa faranti mai huji a cikin durom, shinkafa ta zauna a kai, tururi kaɗai zai dafa ta, ruwa kaɗan ya isa, wuta kaɗan ta isa. Ta ji cewa baƙin da buntu ke bari bayan ya ci yana gyara ƙasa mai yashi. A rana ta ƙarshe Malama ta yi magana a kan yadda ma'aikaci zai shigo da sabon abu wurin da ba nasa ba.

"Kada ku koma ku ce za ku juya wurin aiki a rana ɗaya," in ji ta. "Ku fara da guda ɗaya. Ku ajiye shi kusa da tsohon, ku bar idon mai wurin ya gani da kansa."

Iya Laraba ta ji maganar da kunne, amma hankalinta yana kan zanen murhun da aka ba ta, wanda ta ninke ta ɗaure a gefen zani.

Alhaji Sharhabilu ya saurare ta a kan bencinsa na ƙofar inji, yana jan carbi. Da ta gama ya duba takardar shaidar da ta kawo, ya mayar mata.

"Laraba, takarda ba ta turara shinkafa."

"Ranka ya daɗe, da idona na ga wutar."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Maganar mai unguwa tana damunsa, kuma bai taɓa jin Laraba ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ya ce akwai tsofaffin duromomi a bayan ɗakin ajiya, ta kai wa Muttaka mai walda ya yanka. Muttaka ya dubi zanen ya ce murhun girki ne wannan, sai an faɗaɗa shi kafin ya ɗauki durom. Ya tambaye ta guda nawa zai yi.

"Huɗu," in ji ta.

"Iya, ba a fara da ɗaya ba?"

"Yi huɗu, Muttaka. Abin da na gani ba ya ƙi ci."

Ranar da aka kawo su, an yi ruwan sama kwana biyu kafin nan. Ta sa aka ɗebo buntu daga babban tsibin, aka ɗora duromomi huɗu cike da shansherar wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana kawo musu aiki. Murhu na farko ya kama ya mutu. Na biyu ya turnuƙe wurin da hayaƙi fari mai yaji har matan suka gudu bakin titi. Aka sake kunnawa, aka yi ta fifita. Can wajen hantsi biyu daga ciki suka kama gaba ɗaya, wuta ta yi tsalle ta lashi gindin durom, ruwan ya ƙone kafin a farga. Da aka sauke, wata shinkafar ɗanya ce, wata ta yi ƙauri. Bayan ta bushe aka sa a inji, ta kakkarye kamar tsaki. Ɗan kasuwar ya kwashe kayansa ya ce ba zai ƙara dawowa ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi mata ciwo.

"Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa sunkuyar da kai a kan aikinki ba sai yau. A kwashe ƙarafan nan a jingine. Gobe a koma itace."

Indo ta jira ya tafi. Sai da suna wanke hannu ta ce a hankali, "Karatun kwana biyar ke nan." Ya'u kuwa da ya zo sauke itace ya tsaya ya ƙare wa murhunan kallo, ya ce in ba a so a ba shi ya yi wa awakinsa kwami.

Kwana uku Iya Laraba tana aikinta ba ta kallon inda aka jingine su. A na huɗu ta shiga ofis ta roƙi Saifuddeen ya kira mata lambar da ke bayan takardar bitar. Bayan doguwar gaisuwa ta ba Malama Safiyya labari tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba.

"Murhu nawa kika kunna, Iya?"

"Huɗu."

Kafin Malama ta yi magana Iya Laraba ta riga ta.

"Na sani, Malama. Na ji abin da kika ce. Zumuɗi ne ya ɗebe ni, ni da furfurata."

"Ba komai. Wace rana ce ba ku aiki?"

"Juma'a, saboda kasuwa."

"To ki nemo mini mai waldar. Ina zuwa da safe."

Ta kuwa zo, a kan ɗan babur ɗinta. Garin ya cika da motocin shanu da ke wucewa kara, kasuwar shanu, amma harabar injin tsit. Iya Laraba ta kawo rabin buhun shanshera tata ta kanta, daga gonar da marigayi mijinta ya bari a Utai, don kada a sake taɓa kayan wani. Malama ta cusa hannu cikin tsibin buntu ta damƙo, ta matse, ya dunƙule.

"Ga laifi na farko. Jiƙaƙƙe ne. Sai wanda inji ya fitar a ranar, ko wanda aka adana a inuwa."

Sannan ta leƙa cikin bututun ta ƙirga hujin. Muttaka ya faɗaɗa murhun har ninki uku, amma ya bar hujin yadda suke a zane. Ya sosa ƙeya ya ce shi abin da ya gani a takarda ya yi. Ta zauna a kan turmi ta yi lissafi, ta gaya masa adadin da zai ƙara. Ya jawo injinsa ya huda.

Aka kunna da busasshen buntu. Wuta ta kama da kyau, suka yi murna, amma bayan kamar rabin sa'a ta fara ja da baya. Malama ta duba takardunta ba ta ga dalili ba. Iya Laraba ta kwanta a kan gwiwa ta leƙa ta ƙasa.

"Malama, wutar nan shaƙewa take. Baƙin da ya riga ya ci ne ya taru a gindi ya toshe mata hanya. Naku na makaranta minti nawa kuke kunna shi?"

"Ashirin, ko talatin. Sai mu juye."

"Yawwa. Mu durom ba ya sauka sai ya haura sa'a. Ba za a juye murhu da durom a kai ba. Muttaka, yanka mini ƙofa a nan, daidai tafin hannu biyu, yadda zan riƙa jawo baƙin da ƙarfe. Ƙafafun nan ma ka ƙara musu tsawo. Kuma ƙofar ta kalli wajen kogi, daga can iska take zuwa da safe."

Malama Safiyya ta dube ta, ta ɗauko biro ta zana ƙofar a kan nata zanen.

Ba a gama a ranar ba. Juma'a uku suka yi. A ta biyu ƙofar ta yi girma, buntu yana zubowa; a ta uku Muttaka ya yi mata marfi mai zamewa, ya kuma ƙera faranti mai huji na cikin durom. Ranar ce wuta ta ci tun daga ɗorawa har saukewa ba ta yi gardama ba.

Ranar Asabar Iya Laraba ta je ta durƙusa gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, durom ɗaya nake roƙo. Shansherar tawa ce. In ta lalace, ni ta lalace wa. Indo ta ɗora nata da itace a gefena, ka zauna ka gani."

"Ba ki haƙura ba ke nan."

"Ban haƙura ba."

Ya sa aka kawo masa bencinsa. Aka ɗora duromomi biyu lokaci ɗaya. Indo ta zage, don ba ta son a ce ƙarfe ya kayar da ita. Ta tura itace, ta fifita, hawaye na zuba daga idonta saboda hayaƙi. Iya Laraba tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, jefi-jefi ta zuba kwanon buntu, ta ɗan bugi gefen murhun, ta jawo baƙi ta ƙofa. Durom ɗin Indo ne ya riga yi, da kamar minti biyar. Ta yi guɗa. Amma ta cinye dami biyu na itace, ita kuwa Iya Laraba abin da ta ƙona bai wuce buhu ɗaya da rabi na abin da ake zubarwa ba.

Sai da aka shanya aka cashe bayan kwana biyu sannan Alhaji ya yi magana. Ya ɗebo daga kowacce a tafin hannu. Ta Iya Laraba ta fi haske, ƙwayarta a tsaye. Ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya jinjina kai, ya aika aka kira Muttaka.

"Guda nawa za ka iya gyarawa a mako?"

"Duka ukun da suka rage, Alhaji."

"Gyara ɗaya. In ya yi mako yana ci, ka gyara wani."

Da yamma suna tafiya gida da Iya Laraba, Indo ta yi ta zancen wani biki, sai da suka zo rabuwa ta ce, ba tare da ta kalle ta ba, "Na gaban in an gyara, ni za ki ba. Idona ya gaji."

Kafin ƙarshen kaka duromomi takwas sun koma buntu. Alhaji ya sa aka kafa rumfar kwano don adana busasshe. Tsibin baya ya daina girma, aka kuma daina cinna masa wuta. Sauran huɗun suna nan a kan itace, don wasu ranakun aikin gumi yakan fi abin da inji ya fitar.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Ya'u. Daga kullum ya koma sau ɗaya a mako, ya kuma daina gaishe da Iya Laraba. In ya sauke itace sai ya juya shanunsa ya tafi. Abin ya tsaya mata a rai, don ta san yana da iyali, kuma shekara da shekaru bai taɓa barin su ba itace ba ko da ana tsuga ruwa. A lokacin baƙin buntun da ake jawowa daga murhu ya fara taruwa. Wani manomin albasa na bakin kogi ya ɗebi buhu biyu ya zuba a wurin renon irinsa, ya dawo ya ce a ƙara masa, maƙwabtansa ma suna tambaya, sai dai ba mai kai musu.

Ta tare Ya'u a bakin ƙofa.

"Malam Ya'u, ina kwana? Ya iyali? Ya shanun?"

"Lafiya," ya ce, yana gyara igiya.

"Na san na rage maka aiki, kuma ba don in cuce ka na yi ba. Ga baƙin nan, manoma suna nema, Alhaji ya ce duk wanda zai kwashe ya kwashe. Amalankenka yana komawa Ɗankaza ba komai a ciki."

"Ni mai itace ne, Laraba. Ban zama mai kwasar shara ba tukuna."

Ta ce to, Allah ya huci zuciyarsa. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Sai bayan kusan wata guda, wata safiya, ta gan shi a bayan rumfa da shebur yana cika buhuna. Bai kalle ta ba, ita ma ta yi kamar ba ta gan shi ba. Mako na gaba da ya zo, shi ya fara yi mata sallama, ya kuma tambaya ko za a iya ware masa wanda bai jiƙe ba, don masu tumatir sun fi son sa.

Cikin watan azumi, da hantsi, wata kurkura ta tsaya a ƙofar inji. Mata biyar suka fito, masu gumi ne daga Utai, sun ce Malama Safiyya ce ta turo su su ga murhu mai ƙofa. Iya Laraba tana tsakiyar sauke durom, hannunta duk a cike.

"Indo!" ta kira. "Ga baƙi. Nuna musu."

Indo ta goge hannu a zani ta ja su wajen murhunta. Ta sa kowacce ta damƙi buntu ta matse ta ji bambancin busasshe da jiƙaƙƙe. Ta sa babbarsu ta tsuguna ta jawo baƙi da ƙarfe da hannunta. Ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko mai waldarsu na can zai iya yi.

"Zai iya, in ya ƙirga huji," in ji Indo. "Ku turo shi wajen Muttaka ya yini. Ku matso nan, ku ga yadda ake kunnawa."

Matan suka kewaye ta, ta ƙyasta ashana.